Tambaya da Amsa: Tsofaffin ThinkPad, Roba Ce Ko Ƙarfe?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk a kan abu guda suke, wato tsofaffin kwamfutocin ThinkPad, baƙaƙen nan masu jan ɗigo a tsakiyar madannai, waɗanda ba ka rasa su a teburin 'yan gwanjo a Sakkwato. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani jama'a da yawa, wasu kuma mun taƙaita su saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Na je sayen kwamfuta, mai shago ya ajiye mini biyu, wata mai ƙyalli launin azurfa, da ThinkPad T420. Ya ce T420 ƙarfe ce, amma da na ƙwanƙwasa ta sai na ji kamar roba. Cuta ta yake son yi?
Ɗalibi, daga Dundaye

AMSA: Wa alaikumus salam. Kunnenka bai yi maka ƙarya ba, mai shagon ma bai yi ba, sai dai ya yanke bayanin a tsakiya. Abin da hannunka ya taɓa roba ne. A jerin T an riƙa amfani da roba mai tauri, wani lokaci a cuɗa ta da zaren gilashi ko zaren kabon, a murfi ko a gindi gwargwadon samfuri, domin ta yi ƙarfi ba tare da ta yi nauyi ba. Ƙarfen da yake nufi yana ciki, ba a ganinsa sai an ɗaga madannai. Firam ne na maganiziyam mai launin toka, kuma bod (babban farantin da kayan lantarkin kwamfuta ke kansa), faifan ajiya da hinjin murfi duk a jikinsa aka ɗaure su. In ka san ginin soro, robar waje yaɓe ce, wannan firam shi ne azara.

Ba don ado aka sa shi ba, matsala ce ta haife shi. T40 da ta fito a 2003, da ƙannenta T41 da T42, sirara ne kuma masu kyau, amma in mutum ya saba ɗaga su da hannu ɗaya ta kusurwa, gindin yakan ɗan lanƙwashe, bod ya bi shi. Yau da gobe sai dalmar da ke riƙe da guntun hoto, wato ɗan abin da ke sarrafa hoton allo, ta tsattsage a ƙarƙashinsa, allo ya fara zane-zane ko ya ɗauke. Daga T60 ta 2006 aka sa firam ɗin maganiziyam a gindin jerin T don bod ya daina lanƙwasa, a T61 ta 2007 kuma aka ƙara wani a cikin murfi. An zaɓi maganiziyam ne saboda nauyinsa kusan kashi biyu bisa uku ne na alminiyam. Halinsa guda da ya kamata ka sani: ba ya loɓawa, in bugu ya fi ƙarfinsa tsagewa yake yi. Shi ya sa za ka ga X220, wadda murfinta da gindinta maganiziyam ne, ta faɗi amma babu loɓa, sai ɗan tsagu siriri a kusurwa.

Baƙin launin da siffar akwati tun asali suke. IBM ta fito da ThinkPad 700C a watan Oktoba na 1992, mai allo mai launi na inci 10.4. Richard Sapper, Bajamushe mazaunin Milan a Italiya, shi ya tsara kamanninta, injiniyoyin Yamato a Jafan ƙarƙashin Arimasa Naitoh suka yi aikin ciki, kuma ana danganta siffar da akwatin abincin Jafanawa da ake kira bento. Lenovo ta ƙasar Sin ta sayi sashen a 2005, shi ya sa za ka ga T60 da tambarin IBM alhali Lenovo ce ta ƙera ta.

Sai ka kula, ba duk mai sunan ThinkPad ba ce haka. Jerin T, X da W su ne na ofisoshi da aka kashe wa kuɗi. Jerin SL da na Edge, wanda ya koma E, an yi su ne don sauƙin farashi, roba ta fi yawa a jikinsu. Ita kuwa mai launin azurfar, ɗora bayan hannunka a kanta da safe: in ta yi sanyi ƙarfe ce, in ba ta yi ba fenti ne a kan roba.

A shago, riƙe gindin ta kusurwa biyu masu kallon juna ka ɗan murɗa a hankali. Lafiyayyar T420 ba ta biyo ka, ba ta kuma ƙara. Kunna ta, ka danna bayan murfi da babban yatsa kana kallon allo; in launi ya yi ta wasa kamar ruwa da ɗan dannawa kaɗan, murfin ya gaji ko ya tsage. Mu a wurinmu, ga ɗalibin da zai riƙa jefa ta a jaka yana hawa kabu-kabu tsakanin gari da makaranta, T420 ta fi. Amma kada a ɓoye maka aibinta: ta haura kilo 2, kuma allonta mai 1366 da 768 dishi-dishi ne, da ka ɗan karkata launi ya gudu. In ka sami mai 1600 da 900, ƙara kuɗi ka ɗauke ta.

TAMBAYA: Malam, T430 gare ni, da ita nike buga wa mutane takardu. Tun da zafin Afrilu ya kama, da na yi awa guda sai ta mutu da kanta. Jiya da anka kawo wuta na kunna, sai ta rubuta Fan Error ta ƙi tashi. Mi za ni yi?
Mai shagon buga takardu, daga Runjin Sambo

AMSA: Sannu da aiki, Malam. Littafin da ke zuwa da ita ya ce a yi aiki da ita tsakanin digiri 5 da 35 a ma'aunin Salshiyas. Sakkwato kuwa a Afrilu da Mayu takan haura 40, balle shago mai rufin kwano. Ke nan ko sabuwa ce a bakin iyakarta take aiki, ina ga wadda ta sha hazon hunturu shekara da shekaru.

Yadda take sanyaya kanta shi ne, bututun jan ƙarfe yana kwaso zafi daga furosesa ya kai shi ga wasu siraran ƙarafa da ke jere a bakin tagar hagu, fanka kuma ta hura iska ta tsakaninsu. Ƙura ba a waje take taruwa ba, tsakanin fanka da ƙarafan nan take dunƙulewa ta toshe hanya, shi ya sa in ka leƙa ta taga sai ka ga fes. Da zafin furosesa ya doshi digiri 100 sai ta rage gudu, in bai sauka ba ta kashe kanta don kada ta ƙone. Rubutun da ka gani kuma yana nufin lokacin tashi ta umarci fanka ta juya, ba ta ji motsinta ba. Danna Esc yakan tsallake saƙon, amma kada ka yi haka sai don kwashe takardun mutane zuwa filash, minti kaɗan.

Ga aikin. Zare caja, cire batir, ka danna maɓallin kunnawa sau biyu ko uku don ragowar wuta ta fita. Kifa ta a kan tsumma, ka buɗe ƙaramar ƙofar RAM da ke tsakiyar gindi. Notunan da ke riƙe da madannai ta nan ake kai musu, ɗaya ko biyu ne gwargwadon samfuri. Juyo ta, ka tura madannan gaba wajen allo, gefen da ke kusa da kai zai saki. Ɗaga a hankali, domin akwai siririyar waya a ƙasa, kuma mafi yawan ɓarnar masu koyo a nan take faruwa. Yanzu ga fanka nan a saman hagu. Tokare fikafikanta da tsinken sakace kafin ka hura iska, saboda in iska ta juya ta fiye da ƙima, gindinta yakan lalace. Hura da bulowa ta tagar waje zuwa ciki, dunƙulen ƙurar zai saki, ka zaro shi da hantsaki, ka bi sauran da tsohon buroshin haƙori. Kada ka kai ta wurin mai faci a hura mata. Iskar injinsa ta yi ƙarfi, kuma takan zo da ruwa da mai.

In ka juya fankar da yatsa ka ji tana cijewa ko tana gurnani, ta ƙare, sai sabuwa. Ana sayar da ita haɗe da bututun, kuma na masu guntun hoto na NVIDIA daban yake da na masu Intel kaɗai, don haka duba lambar FRU, wato lambar kayan gyara, da ke jikin tsohon kafin ka yi oda daga Kano ko Legas.

Saura man da ke tsakanin furosesa da jan ƙarfe. Bayan shekaru yakan bushe ya zama gari, zafi ya daina ƙetarawa. Sai an cire robar da ke kewaye da madannai kafin a kai gare shi. Notunan da ke danne da jan ƙarfen an yi musu lamba, ka bi lambar wajen ɗaurewa don matsi ya daidaita. Goge tsohon man da sinadarin aisofurofil da masu gyaran waya ke wanke bod da shi, ka sa sabo gwargwadon ƙwayar shinkafa, ka shimfiɗa shi siriri. Yawansa ba ya ƙara sanyi, kuma man goge baki ba madadinsa ba ne, ko wa ya gaya maka. Kafin ka rufe, tabbata ka mayar da wayar fanka a soket ɗinta. Mantawa da ita na sa saƙon ya dawo, mutum ya zaci sabuwar fankar ce jabu. Masu X220 da X230 su sani nasu ya fi wuya, sai an fitar da bod gaba ɗaya.

Bayan gyara, sa manhajar HWMonitor ka duba zafin furosesa. In tana zaune ba aiki kuma ta haura digiri 65, ko tana aiki ta zauna sama da 90, akwai sauran magana. Ta ƙasa take shaƙar iska, don haka katifa, darduma da cinya ba wurinta ba ne. Ɗaga bayanta da ɗan katako. Lokacin da ya fi dacewa da shara shi ne ƙarshen Fabrairu, hazo ya wuce, zafi bai kankama ba.

TAMBAYA: Yarona ya zubar da kunun gyaɗa a kan X230 ɗita. An ce mini irin su ruwa ba ya yi musu komai, sai na goge na ci gaba da aiki. Yanzu wasu haruffa sun maƙale. Na yi kuskure?
Malamar makaranta, daga Mabera

AMSA: Malama, Allah ya tsare gaba, amma kashe ta yanzu kafin ki ƙarasa karanta wannan. Gaskiya ne a ƙarƙashin madannan akwai faranti mai ɗan baki, da magudanai da ke kai ruwa ga ramuka a gindi. Kifa ta za ki gan su. Sai dai an yi su ne don ɗan ruwa ko shayi da ya fantsama, ba don abu mai kauri ba. Kunu yakan toshe magudanar, sukarin cikinsa ya bushe ya danƙare a ƙarƙashin maɓallai, in kuma ya tsallaka bod, ya riƙa cin layukan a hankali. Shi ya sa wata takan yi mako biyu lafiya sannan ta mutu.

Abin yi in haka ta faru shi ne a zare caja, a danne maɓallin kunnawa har ta mutu ba tare da jiran ajiye aiki ba, a zame batir ta baya. Kada a jijjiga ta, kada a karkata ta, a bar ta a shimfiɗe don abin ya bi magudanarsa. Sannan a cire madannai, waɗanda a X230 noti biyu ne a gindi masu ɗan zanen madannai a gefensu. In bod ya jiƙe, a wanke wurin da aisofurofil da buroshi mai laushi, a bar ta a buɗe gaban fanka kwana biyu zuwa uku. Tura ta cikin buhun shinkafa ba ya cire sukari, shanya ta a ranar Sakkwato kuma lanƙwasa maɓallai yake yi ya lalata allo.

Madannan da kunu ya shiga, sauyawa ya fi. Sa'arki ɗaya, na X230 iri ɗaya ne da na T430, T530 da W530, don haka ba ya wuyar samu a jikin matattu. Na X220 kuwa da T410, T420 da T520 yake tafiya. Waɗannan su ne masu layi bakwai na gargajiya da masu buga rubutu ke so. Daga 2012 aka koma layi shida masu tazara tsakanin maɓallai. Ko da na X220 ya zauna a X230, kada a yarda mai gyara ya sa miki shi haka kawai, domin tsarin wayarsu ya ɗan bambanta, wasu maɓallan ba za su yi daidai ba.

TAMBAYA: Murfin tawa ya zama mai danƙo, yana kama ƙura da gashi. Na goge da fetur?
Daga Gawon Nama

AMSA: A'a, ɗan'uwa. Fetur, kananzir, tina da abin goge fentin farce duk suna narka robar da ke ƙasa, su bar farin tabo da ba ya fita. Abin da ya yi danƙo wani siririn fenti ne mai laushi da aka fesa a sama don kada ta suɓuce a hannu. Zafi, gumi da man shafawa ne ke ruɓar da shi. In bai yi nisa ba, tsumma mai ɗan ruwan sabulu da aka matse sosai ya isa. In ya riga ya narke, magani shi ne a cire shi gaba ɗaya: jiƙa tsumma da aisofurofil, ka riƙa gogewa ɓangare-ɓangare kana sauya gefen tsumman, har ka kai ga santsin da ke ƙasa. Aikin rabin awa ne ko fi, kuma murfin zai ɗan yi ƙyalli, ba zai koma yadda yake ba. Gogaggen fenti a kusurwa ba ciwo ba ne. Abin tsoro shi ne baƙar ledar da wasu masu sayarwa ke mannawa a murfi don ta yi kama da sabuwa, domin tsagu ma a ƙarƙashinta yake ɓuya. Bi gefen da farce, za ka ji bakin ledar.

TAMBAYA: Jan abin nan na tsakiya, mene ne amfaninsa? Nawa yakan ja kibiya gefe da kansa.
Daga Arkilla

AMSA: Sunansa TrackPoint, Ted Selker ne ya ƙirƙiro shi a IBM, don mai rubutu ya motsa kibiya ba tare da ya ɗauke hannu daga madannai ba. Yana zaune tsakanin G, H da B. Shi kansa ba ya motsi, ƙarfin dannawarka yake aunawa. In ka daɗe kana tura shi gefe guda, ko zafin kwamfutar ya sauya, sai ya rikice a kan inda tsakiya take. Sake shi na 'yan daƙiƙoƙi, zai daidaita kansa. In bai daina ba, madannan ne za a sauya. Jar hular ciro ta ake yi a sa wata, amma ta T430 ta yi wa T440 tsawo, takan bar tabo a allo in an rufe.

TAMBAYA: Cajar T420 ɗita ta ƙone a janareta. Na ga wata ta HP mai kama da ita, zan iya sawa? Kuma batirin da na saya wa T430 ta ɗana ya ƙi caji, alhali a tawa yana yi.
Alhaji, ɗan kasuwa daga Illela

AMSA: Ranka ya daɗe, kama ce kawai. Daga T60 zuwa T430 cajarsu bolt 20 ce, mai zagayayyen baki na milimita 7.9 da ɗan tsinke a tsakiya. Na HP da Dell masu kama da ita milimita 7.4 ne, wutarsu ba ta kai 20 ba, kuma saƙon da tsinkensu ke aikawa daban ne. Tsinken nan shi ke gaya wa kwamfuta ƙarfin cajar. In ya karye ko ya lanƙwashe, sai ta rage gudu ko ta ƙi caji. Karanta bayan cajar: 20V da 3.25A wat 65 ke nan, 20V da 4.5A wat 90. In taka mai NVIDIA ce, nemi ta 90. Ta asali tana da nauyi a hannu, jabu kuwa shafal take, ta yi zafi da wuri, wani lokaci har kibiya ta riƙa rawa in an jona ta. Tsofaffin IBM irin T42 bolt 16 suke sha, a T440 kuma bakin ya koma mai kusurwa huɗu. Game da janareta, bari ya tashi ya daidaita kafin ka jona, ka kuma zare kafin a kashe shi.

Batirin ba lalatacce ba ne. T410, T420 da T430 ramin batirinsu ɗaya ne, amma T430 tana tantance batir kafin ta yarda ta caja shi. Duba lambar da ke jikinsa: mai 55+ ko 55++ na T410 da T420 ne, T430 sai 70+ ko 70++, wanda shi kuma yana yi a dukansu. Alamar + ɗaya ƙwaya shida ce, kusan 57Wh. Biyu ƙwaya tara ce, kusan 94Wh, kuma yakan turo ta baya. Ku yi musanya in naka 70 ne.

A garin zafi, abin da ke kashe batir da wuri shi ne ya zauna cike taf cikin ɗumi. Waɗannan kwamfutocin suna ba da damar a ce caji ya tsaya a kashi 80 cikin 100, ta manhajar kula da wuta ta Lenovo, ko manhajar TLP ga masu Linux. In kana sayen gwanjo, buɗe layin umarni na Windows ka rubuta powercfg /batteryreport, zai nuna abin da batirin ke ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yau. Masu fasa batir su sauya ƙwayoyin 18650 na ciki kuwa, sau da yawa ɗan bod ɗin batirin yakan kulle kansa da zarar an yanke wutar, kuɗinka ya tafi a banza.

TAMBAYA: Murfi ya yi tauri wajen buɗewa, har gefe ɗaya ya fara ɗagewa. In ɗiga man keke?
Daga Tambuwal

AMSA: Kada ka ɗiga. Hinjin da gangan aka yi shi da tauri, taurin ne ke tsayar da allo a inda ka bar shi, kuma mai yakan gangara ya shiga allo. Ɗagewar gefe na nufin ko noti ya kwance, ko mazauninsa ya karye. A jerin T da X hinjin ƙarfe ne da aka ɗaure a firam, don haka yawanci noti ne. Duba na baya da na ƙasan kusurwa ka ɗaure. A masu araha kuwa, notin cikin ɗan zoben tagulla yake shiga da aka dasa a roba, in hinji ya yi tauri sai ya tumɓuke zoben. Wannan ana cike shi da gam mai haɗi biyu a bar shi yini da kwana. Sufa-gulu ƙamewa yake yi ya fashe. In hinjin kansa ya tsage, sauya na hagu da na dama tare. Daga yau ka riƙa buɗe ta ta tsakiya, kada kuma ka ɗauke ta ta murfi.

TAMBAYA: Mahaifina ya bar mini T61 da ya yi aiki da ita. Tana kunnuwa amma allon sai layi-layi. Mai gyara ya ce zai gasa bod ɗin. In yarda?
Daga Kofar Rini

AMSA: Ƙanena, fara jona ta da wani allo ta soket ɗin VGA. In hoton ya fito lafiya a can, matsalar allo ce ko wayarsa, kuma gyaran mai sauƙi ne. In allon yana yin ja-ja da farko sannan ya washe, fitilarsa ce ta tsufa, domin na zamanin siririn kwan fitila suke amfani da shi, ba LED ba. Amma in layin ya bi ka har ɗayan allon, kuma tana da tambarin NVIDIA, to sananniyar cuta ce. Guntayen hoto da aka ƙera kafin wajen tsakiyar 2008 suna da rauni a haɗin da ke cikinsu, zafi da sanyi suna tsinka shi, kuma kamfanin ya amsa hakan a shekarar. Gasawa da iska mai zafi takan tashe ta, amma ba ta daɗewa. Gyara mai ɗorewa shi ne a sa mata bod mai Intel na girman allonta. In takardun Baba ne damuwarka, noti ɗaya ne ke riƙe da ƙofar faifan ajiya. Zaro shi ka sa a akwatin USB, komai na nan.

TAMBAYA: Ina son in saya wa ƙanwata wadda za ta ɗauki Windows 11. Wace ce, kuma me zan duba?
Ma'aikacin jinya, daga Wamakko

AMSA: Koyi karanta lambar tukuna. A T420, 4 na nufin inci 14, 20 kuma zubi na biyu na furosesan Intel. X230 inci 12.5 ce, zubi na uku. Windows 11 a hukumance tana son zubi na takwas da guntun tsaro mai suna TPM 2.0, ke nan T480 ta 2018 ce farkon shiga. Ko ita ma wasu sun zo da zubi na bakwai, don haka duba lambar furosesan ta fara da 8, kamar i5-8250U. T480 tana da ramin RAM biyu da batir biyu, na ciki da na waje, amma ta fi T430 siranta, kuma furosesanta liƙe yake a bod. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka T420 da T430 sun fi dacewa da Linux Mint yanzu. In aka sa musu SSD, wato faifan ajiya mai sauri, RAM kuma ta kai 8GB, rubutu da bincike ba sa gagararsu. Ramin RAM ɗinsu ɗaya yana ƙasa, ɗaya a ƙarƙashin madannai.

Abin da ya fi komai muhimmanci, kafin ka miƙa kuɗi ka kashe ta, ka kunna kana danna F1 don shiga BIOS, wato shafin saitunan tushe na kwamfutar. In ta nuna hoton kwaɗo tana neman kalmar sirri, ko ta shiga amma saituna sun ƙi taɓuwa, ajiye ta. Yawancinsu daga ofisoshin Turai da Amurka aka kwaso su, kuma kalmar sirrin mai kula ba a ƙaramin batirin agogo take zaune ba, a wani guntu take wanda ba ya mantuwa. Cire batirin agogon ba ya goge ta. Hasali ma ranar da ɗan batirin nan, CR2032 mai waya, ya mutu, agogo ya rikice, kwamfutar za ta nemi kalmar kafin ta bari a gyara kwanan wata, kuma a nan za ta tsaya. Sa mai shago ya shiga BIOS a gabanka, ya sauya kwanan wata, ya ajiye da F10, ka ga ta karɓa.